Waya tana gudu, kwamfutar tebur tana rarrafe: wane saiti zan taɓa a adafta?

Mai Kyamara ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman taimakon masana harkar netwok.

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna da walima, a Kano nake. Aikin tacewa a gida nake yi, a shagon soro da na mayar ofis. Kwamfutata ta tebur ce, irin gwanjon ofis ɗin nan, Windows 10 ce a kanta. Ba ta zo da Wi-Fi ba, shi ya sa na sayi 'yar ƙaramar adafta ta USB mai kama Wi-Fi, wadda in ka soka ta da ƙyar ake ganin kanta. A jikin kwalinta an rubuta 150 Mbps.

Rautata mai 5G ce, tana falon uwargida a kan kabad kusa da taga, domin nan ne kaɗai sabis yake cika a gidan. Tsakaninta da shagona akwai bangon bulo biyu da tsakar gida.

In na tsaya a falo na gwada fast.com, shafin auna gudun intanet, da wayata, ina ganin 130 zuwa 140 Mbps. In na dawo kan kwamfuta, 18 ne, in ta yi kirki 22. Gudun tura fayil kuwa 6. Bidiyon biki ɗaya yakan kai giga 8, in na sa shi a Google Drive sai ya ci kusan awa uku, ga dangin amarya daga Saudiyya suna ta kira suna cewa har yanzu ba su ga komai ba.

Na shiga Device Manager na buɗe adaftar, na ga wani shafi mai suna Advanced cike da abubuwa. A YouTube wani ya ce a kunna Jumbo Frame, wani ya ce a tilasta Speed & Duplex ya koma 1.0 Gbps, wani ya ce a kashe duk abin da aka rubuta Offload a jikinsa. Ban taɓa komai ba tukuna, tsoro nake in ɓallo wa kaina ruwa ana tsakiyar kakar biki. Wanne ne na gaskiya a ciki?

Autan Kurna ya rubuta:

Wa alaikumus salam Oga. Abu biyu kawai za ka yi. Ka canza DNS ɗinka ya koma 8.8.8.8 ko 1.1.1.1. Sannan ka shiga gpedit.msc ka nemo Limit reservable bandwidth ka mayar da shi sifili, don Windows tana ɓoye kashi 20 cikin 100 na intanet ɗinka. Ni haka na yi, wallahi tawa tashi take.

Injiniyan Layi ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam Mai Kyamara, ka kyauta da ka bar shafin nan yadda ka same shi.

Auta ƙanena, ka yi haƙuri zan ɗan saɓa maka. Maganar kashi 20 ɗin nan tun zamanin Windows XP take yawo. Windows ba ta ajiye wannan kaso tana zaman gadinsa. Sai wata manhaja ta nemi a ba ta fifiko sannan a ware mata, in babu mai nema duk layin naka ne. DNS kuma aikinsa fassara sunan shafi zuwa lambar adireshi. Mai kyau zai iya sa shafi ya fara buɗewa da wuri, wannan gaskiya ne, amma da zarar an fara tura fayil ya gama nasa. Ba zai mayar da 6 ta zama 20 ba.

Malam, saitin adafta ba ya ƙirƙiro gudun da babu. Iyakarsa ya cire tarnaƙi idan akwai. Datarka tana bi ta wurare da yawa: daga turken sabis na kamfani zuwa rauta, daga rauta zuwa adafta, daga adafta zuwa cikin kwamfuta. Wurin da ya fi ƙunci shi ke yanke hukunci. Ka kawo tankar ruwa ƙofar gida, amma da mazurarin kalanzir kake ɗurawa. Wayarka ta riga ta shaida cewa tankar ta iso, saura mu nemo mazurarin.

Ka yi min abu ɗaya kafin komai. Danna maɓallin Windows da R tare, rubuta cmd, in baƙin allon ya fito ka rubuta wannan:

netsh wlan show interfaces

Ka kawo min abin da ke gaban Radio type, da Channel, da Receive rate, da Signal. Sannan ka je da wayarka har kan teburin kwamfutar ka sake gwada fast.com a nan, ba a falo ba. Gwajin falo da gwajin soro ba ɗaya ba ne.

Mai Kyamara ya rubuta:

Na gode Injiniya. Ga abin da ya fito:

Radio type: 802.11n
Channel: 6
Receive rate: 39, wani lokaci ya hau 52 ya sake saukowa
Signal: 58%

Wayar kuma a kan teburin ta ba ni 55. Ta faɗi sosai, amma duk da haka ta ninka kwamfutar fiye da sau biyu.

Injiniyan Layi ya rubuta:

To ga shi nan. Channel 6 yana nufin kana kan zangon 2.4 GHz. Duk lambar da ke tsakanin 1 da 13 zangon nan ce, na 5 GHz daga 36 suke farawa. Ita kuma 802.11n fasahar 2009 ce, kuma waɗannan 'yan ƙananan adaftocin eriya ɗaya gare su, a naɗe cikin abin da bai kai farce ba.

150 ɗin da ke jikin kwali ba ƙarya ba ce, amma sai an cika sharuɗɗa: faɗin tasha ya zama 40 MHz, kana gab da rauta, babu mai damunka. A unguwar da kowane gida da rautarsa ko MiFi, yawanci faɗin 20 MHz ake komawa, a nan kuma ƙololuwar eriya ɗaya 72 ce. Bango biyu sun sauko da kai 39. Kuma a Wi-Fi abin da ke isa hannunka kusan rabin wannan lambar ne ko sama kaɗan, domin rauta da adafta ba sa magana lokaci guda, karɓa-karɓa suke yi, ga maimaita abin da ya ɓace a hanya. Rabin 39 nawa ne? Ka ga 18 zuwa 22 ɗinka ta fito daidai. Adaftar ba ta lalace ba, iya ƙarfinta ke nan.

Abubuwan da ka gani a YouTube kuwa:

Jumbo Frame ka bar shi a kashe. Yana ƙara girman ƙunshin data daga bait 1500 zuwa wajen 9000, kuma yana da amfani ne kawai tsakanin na'urorin cikin gida da duk aka saita su haka, misali kwamfuta da akwatin ajiyar fayil. Intanet a kan 1500 ko ƙasa take tafiya. Speed & Duplex ma na kebul ne, ba ruwansa da Wi-Fi. Masu Offload kuma suna sauke wa kwakwalwar kwamfuta aiki ne su ɗora wa adafta. Kashe su sai in ana bin sawun wata matsala ta musamman, kai da kake tace bidiyo ma ka fi kowa bukatar kwakwalwar ta huta.

Abin da za ka iya yi yau ba tare da ka kashe kuɗi mai yawa ba: in adaftar a bayan kwamfuta take, cire ta daga nan. Akwatin ƙarfe ne ya tsaya tsakaninta da rauta, ga bango a bayanta. Sayi kebul ɗin ƙarin tsawo na USB, ka ɗaga ta sama ta fuskanci ƙofa. Kuma ka nisanta ta da ramin USB mai shuɗin ciki, musamman in kana soka hadis (hard disk) ɗin waje a nan. USB 3.0 yana fitar da hayaniya a daidai zangon 2.4 GHz, kamfanin Intel ma ya fitar da takarda a kan haka a 2012. Masu aikin bidiyo kullum hadis yana soke, na sha ganin wannan.

A Device Manager, in akwai shafin Power Management a adaftar, cire alamar da ke kan Allow the computer to turn off this device to save power. Wannan ba gudu yake ƙarawa ba, yankewa yake hanawa. A rauta kuma ka tabbatar tsaron yana kan WPA2 da AES. In aka bar shi kan WEP ko TKIP, gudun ba ya wuce 54 ko da adaftar ta fi haka.

Duk wannan zai iya kai ka 30 ko sama kaɗan. In kana son abin da wayarka ke gani a falo, hanya biyu ce. Ko adafta mai zango biyu, wadda aka rubuta AC ko AX a jikinta, mai eriya a waje. Ko kebul daga rauta zuwa kwamfuta. Ni kebul zan ce, domin 5 GHz ya fi gudu amma ya fi 2.4 tsoron bango, kuma bulon siminti biyu ba wasa ba ne. Kwamfutar tebur ba yawo take ba. Leƙa bayanta, akwai ramin kebul yana zaune ƙura ta cika shi.

Maman Biyu ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ba injiniya ba ce, koyarwa nake yi ta Zoom daga Zariya, amma bari in ƙara abin da ya shafi aljihu.

Malam, ranar da ka koma kebul ka kula da datarka. Windows tana ɗaukar layin kebul a matsayin wanda ba shi da iyaka, sai ta saki jiki ta yi ta sauke sabuntawa. Ka shiga Settings, Network & Internet, ka zaɓi layin ka kunna Metered connection in datarka mai ƙarewa ce. Ka kuma nemo Delivery Optimization ka kashe inda aka ce a bar wasu kwamfutoci su ɗauka daga taka. Kai da turawa ce damuwarka, bai kamata wani abu ya riƙa cin layin a ɓoye ba. Buɗe Task Manager ka duba layin Network lokacin da ba ka komai, za ka ga mai sha.

Sannan yaran gida. Ni sai da na ware musu lokaci, don in suna kallon katun a falo ajina sai ya riƙa tsinkewa.

Masu laftof kuma su sani, idan aka ɗauke wuta ta koma kan batir, takan rage wa Wi-Fi ƙarfi don tattali. Ana gyara shi a Power Options, wajen Wireless Adapter Settings, a sa Maximum Performance.

Mai Kyamara ya rubuta:

Hajiya na gode, na kunna Metered ɗin. Maganar katun kuwa kamar kina gidanmu.

Injiniya, na bi shawararka. Na sayo kebul mita 25, mai shagon ya matse min kawunan a gabana. Na bi da shi ta saman tagar falo, ta jikin katanga, na shigo da shi soro. Uwargida ta ce na mayar mata da falo shagon gyaran rediyo, amma an wuce wurin.

Alhamdulillahi yanzu 94 nake gani, turawa 21. Sai dai abin mamaki, kullum 94 ne ko 93, ba ya wucewa ko da asuba, alhali a lokacin waya tana ba ni 140 a falo. Ko yanzu ne lokacin tilasta Speed & Duplex ɗin?

Injiniyan Layi ya rubuta:

A'a Malam, tsaya. Lambar 94 ɗin nan sananniya ce. Duk wanda ya ga gudu ya tsaya cak a 94 ko 95, layinsa a kan 100 ya ƙulle, sauran 6 ɗin sun tafi a bayanan da ke rakiyar kowane ƙunshi. Tabbatar da kanka: Windows da R, rubuta ncpa.cpl, danna Ethernet sau biyu, duba gaban Speed. Ko 100.0 Mbps za ka gani ko 1.0 Gbps.

In 100 ne, masu laifi uku ne. Na farko adaftar kebul ta cikin kwamfutar: duba sunanta a Device Manager. In ka ga Gigabit ko GbE, tana iya 1000. In ka ga FE, kamar Realtek PCIe FE Family Controller, iyakarta 100, sai dai ka sayi wata. Na biyu ramin rauta: rautocin 4G da yawa raminsu 100 ne, amma masu 5G galibi gigabit ne, duba takardarta. Na uku kebul, kuma shi na fi zargi.

A cikin kebul akwai silin waya takwas, an murɗe su bibbiyu. Gudun 100 guda huɗu kawai yake amfani da su, masu launin lemo da kore, a ƙafa ta 1, 2, 3 da 6. Gigabit kuwa sai duk takwas ɗin sun yi aiki. In sili ɗaya daga shuɗi ko ruwan ƙasa bai taɓa ƙarfensa ba, ba za ka ga wani saƙon kuskure ba. Adafta da rauta za su gwada 1000, su ga bai yiwu ba, su sauko 100 shiru, kai kuma kana ganin intanet tana aiki.

Shi ya sa tilastawa ba ta da amfani. In ka sa 1.0 Gbps a kan kebul mai sili a katse, layin zai mutu gaba ɗaya. In kuma ka tilasta 100 Full a naka ɓangaren ita rauta tana kan zaɓin kanta, za ta iya faɗawa Half, wato karɓa-karɓa, a samu saɓani, gudun ya lalace fiye da da. Bar shi a Auto Negotiation. In ma ka tarar wani ya taɓa sa shi a 100 tun a ofishin da kwamfutar ta fito, mayar da shi Auto, wannan kaɗai yakan warware matsalar.

Gwaji mafi sauƙi: ɗauki kwamfutar ka kai ta falo, ka haɗa da gajeren kebul ɗin da ya zo a kwalin rauta. In ta nuna 1.0 Gbps, ka wanke adafta da rauta.

In dogon kebul ɗin ne, ciro kan ka ɗaga shi a haske, maƙallin yana ƙasa, ƙarafan suna kallonka. Daga hagu ya kamata ka ga fari-lemo, lemo, fari-kore, shuɗi, fari-shuɗi, kore, fari-ruwan ƙasa, ruwan ƙasa, kuma haka a ɗaya kan. Kowane sili ya kai ƙarshe ya dungure. Ka koma wa mai shagon ya sake matsewa, kuma ka ce ya sa a na'urar gwaji, wadda fitilu takwas ke kunnuwa ɗaya bayan ɗaya. Kada ka baro wurin sai ka ƙirga takwas da idonka.

Tunda za ka koma, kankare sili ɗaya da reza. In cikinsa ja ne har ƙasa, tagulla ce. In fari ya fito, alminiyom ne aka shafa wa tagulla, ana rubuta CCA a kwalinsa. Yana aiki, amma saurin karyewa gare shi, musamman a bakin kai da wurin lanƙwasa. Kebul ajin Cat5e na gaske yana ɗaukar gigabit har mita 100, don haka kada wani ya ce maka sai Cat7 ko Cat8 a mita 25.

In kebul ya fita lafiya amma layin yana faɗuwa 100 jefi-jefi, a nan ne za ka taɓa Advanced: kashe Energy Efficient Ethernet, da Green Ethernet in akwai. Sai kuma sabon direba, wato manhajar da ke tafiyar da adaftar, daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar ko adaftar. Manhajojin nan masu cewa za su sabunta maka direbobi duka da danna ɗaya, ka guje su.

Autan Kurna ya rubuta:

Yaya Injiniya na karɓi gyara. Na duba tawa yanzu, FE ce ashe. Akwai dabara ko sai sabuwar laftof?

Injiniyan Layi ya rubuta:

Ba sai sabuwa ba. Akwai adaftar USB zuwa kebul mai gigabit, amma ka soka ta a ramin USB 3.0. A USB 2.0 lambar takarda 480 ce, a aikace ba ta kaiwa nan. Kafin ka saya dai ka duba ko intanet ɗinka ta wuce 100. In 30 kamfani ke kawo maka, FE ɗin ta ishe ka har da ragowa.

Mai Kyamara ya rubuta:

Jama'a ga rahoto. Sunan adaftar Intel 82579LM Gigabit, kuma da gajeren kebul a falo ta nuna 1.0 Gbps nan take. Na naɗe dogon na mayar shago. Da aka sa a na'urar gwaji fitila ta 7 ba ta kawo ba, silin fari-ruwan ƙasa ya tsaya rabin hanya a cikin kan. Yaron ya yanke ya sake matsewa, takwas suka kunnu.

Yanzu da safe ina samun 135 zuwa 145. Bayan isha'i yana saukowa 40 ko 50, a waya ma haka, don haka na san ba daga ɗakina ba ne. Turawa tana nan tsakanin 20 da 23, ba ta motsa ba daga yadda take a kan layin 100. Jiya na tura bidiyo mai giga 8 cikin ƙasa da awa ɗaya, mutanen Jidda sun kalli kamun amaryarsu kafin su kwanta.

Saura tambaya ɗaya Injiniya. Turawar nan, akwai abin da zai ɗaga ta?

Injiniyan Layi ya rubuta:

Madalla. Daga kwamfuta dai babu, ka gama da ita. Layin salula an tsara shi ne ya ba saukewa kaso mafi girma, kuma a turawa 'yar rautarka ce ke ƙoƙarin jiyar da turke muryarta, ba turke ke jiyar da ita ba. Don haka wurin da ta zauna shi ne komai. Shiga shafinta, adireshin yana rubuce a ƙasanta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ka nemo lambobi biyu, RSRP da SINR. RSRP ƙarfin sabis ne, da alamar ragi yake zuwa, -85 ya fi -105 kyau. SINR kuwa gwargwadon hawansa gwargwadon tsabtar sabis. Ka riƙa matsar da rautar taga zuwa taga kana jujjuya ta, kana ba ta minti ɗaya ko biyu a kowane wuri. Tunda yanzu kebul gare ka, ba dole ta zauna inda Wi-Fi zai iso soro ba. Ka raba ta da jikin ƙarfen taga, kuma kada rana ta riƙa dukanta, zafi yana sa ta rage gudu.

Manyan fayiloli ka riƙa sa su bayan sallar asuba kafin unguwa ta tashi.

Kebul ɗin da ka bi da shi ta katanga, saka shi a cikin bututun roba irin na masu wayarin, rana tana cinye rigar na cikin ɗaki, ɓeraye ma ba sa raga masa. Kada ya jeru da wayar wuta a bututu ɗaya. Da damina in hadari ya haɗo da tsawa, zare shi daga bayan kwamfutar. Kuma in ka samu sarari bayan kakar biki ka zo mu yi maganar Windows 10 ɗin nan, Microsoft ta daina tallafa mata tun 14 ga Oktoba 2025, kuma kwamfuta mai wannan adaftar da wuya ta cika sharuɗɗan Windows 11.